Data tana zurarewa, gem yana maƙalewa: yadda ake saita wayar Android a Kaduna

Mutum zai sayi giga 5 ranar Juma'a, kafin Laraba saƙo ya shigo cewa saura mega 100. Da daddare ya shiga eFootball ko Free Fire, ana tsakiyar wasa ɗan wasansa ya tsaya cak, kafin ya motsa an zura masa ƙwallo ko an harbe shi. Sai ya haɗa laifin gaba ɗaya ya ɗora wa kamfanin layi, ko ya ce wayar ce ta tsufa. Alhali cututtuka uku ne, kowacce da maganinta: akwai zurarewar data, akwai jinkirin amsa tsakanin waya da saba, wato babbar kwamfutar kamfanin gem da wayar ke magana da ita, akwai kuma zafi da ke sa wayar kanta ta rage gudu. Wanda ya ƙaro data don maganin jinkiri ya yi asarar kuɗinsa, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

A fara da awo

Kada ka taɓa komai tukuna. Danna *323#, lambar da duk layuka ke amfani da ita wajen duba ragowar data tun da NCC ta haɗe lambobin a 2023, ka rubuta abin da ka gani a takarda. Yi haka daf da kwanciya, ka bar data a kunne, ka sake dubawa bayan Asuba kafin ka buɗe kowace manhaja. In bambancin ya wuce mega 40 ko 50, akwai mai ci a ɓoye.

Don gano shi, shiga saitunan waya ka rubuta "Data usage" a wurin bincike na sama, tunda Tecno da Infinix da Redmi da Samsung kowa da inda ya ajiye shi. Za ka ga jerin manhajoji, mafi ci a sama. Taɓa kowace daga cikin biyar na farko, za ta nuna lambobi biyu: abin da ta ci kana kallonta, da abin da ta ci a bayan fage. Na biyun shi ne abin nema. Sannan mayar da ranar fara ƙirgen ta zama ranar da kake sayen data, in ba haka ba lissafin waya da na kamfani ba za su taɓa haɗuwa ba. In kuma katin kira ne ke raguwa haka kawai, *305# ce lambar dakatar da rajistocin da ke cire kuɗi, 2442 kuma ta toshe saƙonnin talla.

Toshe manyan ramuka

Play Store ce kan gaba. Taɓa hotonka a sama, shiga saituna, sannan "Network preferences", ka mayar da sabunta manhajoji ya zama da Wi-Fi kaɗai, ko ka hana shi gaba ɗaya ka riƙa yi da hannu sau ɗaya a mako. Waya mai manhajoji 40, kowace tana sabuntawa da mega 30 zuwa 80, za ta cinye giga ɗaya ba ka kalli komai ba. Bayanta sai Google Photos: in an bar ta tana ɗora hotuna da datar layi, bidiyon biki ɗaya na minti 10 ya isa ya yi ɓarna. Haka ma ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive, a kashe mata amfani da layi, a cire bidiyo daga cikin abin da ake ajiyewa.

Daga nan kunna "Data Saver" na wayar kanta, wanda ke cikin Android tun fitowar Android 7 a 2016. Aikinsa hana manhajoji shiga intanet a bayan fage. Yana da illa biyu da ya kamata ka sani. Saƙonnin wasu manhajoji za su iya jinkiri har sai ka buɗe su, don haka shiga "Unrestricted data" ka ware WhatsApp da manhajar bankinka. Na biyu, a wayoyi da yawa ba ya bari a kunna hotsifot, sai an kashe shi tukuna.

Tunda an ambaci hotsifot: in za ka jona kwamfuta mai Windows, shiga saitin Wi-Fi ɗinta ka kunna "Metered connection" kafin komai. Kwamfuta tana ɗaukar hotsifot a matsayin intanet na gida mara iyaka, sai ta hau sauke sabuntawarta, giga biyu ko uku su tafi kana rubuta wasiƙa.

Kafafen sada zumunta, lissafin na bidiyo ne

Rubutu da saƙon murya ba su ne ke cinye data ba. Ga lissafin da zai fayyace maka komai: bidiyon da ke gudana da megabit 1 a daƙiƙa (megabit 8 ne mega ɗaya) yana cin mega 450 a awa ɗaya. Bidiyo mai ingancin 720p yana bukatar ninki biyu na haka ko fiye, wato kusan giga ɗaya a awa. A 360p kuwa kusan mega 300 ne. A fuskar waya mai inci shida da rabi, in wa'azi ko hira ko sharhin ƙwallo kake kallo, 360p ya wadatar, kunne ne ke aikin.

A YouTube, taɓa alamar saiti a kan bidiyon, ka zaɓi ingancin da hannu. In ka bar shi ya zaɓa da kansa, duk lokacin da sabis ya yi kyau sai ya haura sama, shi ya sa mutane ke cewa 4G ta fi 3G cin data. Layin ba ya ƙara maka ci da kansa, manhajar ce ke buɗe baki daidai da faɗin hanyar da ta samu.

TikTok da Instagram da bidiyoyin Facebook sun fi wayo, domin suna sauke bidiyo na gaba tun kana kallon na yanzu. Duk wanda ka goge ka wuce a daƙiƙa biyu, ka riga ka biya kuɗin wani ɓangarensa. Dukansu ukun suna da nasu "Data Saver" a saitunansu, a kunna. A Facebook, ƙarƙashin "Media", hana bidiyo tashi da kansa. In wayar mai RAM giga 2 ko 3 ce, a ra'ayinmu gara a cire babbar Facebook a sa Facebook Lite, wadda aka fitar a 2015 domin irin waɗannan wayoyi. Ba ta da ƙyale-ƙyale, amma tana buɗewa ko sabis ya yi rauni.

WhatsApp kuwa guruf-guruf ne matsalarsa: na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na masallaci, kuma bidiyo ɗaya yana iya zuwa maka ta huɗu daga cikinsu. Shiga "Storage and data", wurin saukewa da datar layi, cire alamar komai, ko ka bar hotuna kaɗai. A wannan shafin akwai maɓallin rage data lokacin kira, da kuma "Manage storage" da ke jero maka fayilolin da suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa, ka share su a tashi ɗaya.

Wace burauza?

Har yanzu akwai masu ba da shawarar a kunna "Lite mode" a Chrome. Babu shi, Google ta cire shi a watan Maris na 2022. Abin da ya rage a Chrome shi ne ka shiga "Privacy and security", ka kashe "Preload pages", wanda ke sauke shafukan da yake zaton za ka buɗe. Sannan ka leƙa "Site settings", ɓangaren sanarwa. A nan ake samun tarin shafukan da mutum ya danna wa "Allow" ba da saninsa ba wajen sauke waƙa ko fim, su ne ke turo saƙonnin ƙarya cewa wayarka ta kamu da cuta ko ka ci kyauta. Toshe su duka.

Opera Mini tana aiki ta wata hanya daban. Shafin da ka nema yana fara biyawa ta sabar kamfanin, a matse shi, a rage nauyin hotuna, sannan a turo maka. Don karanta labarai a inda sabis ke da rauni, kamar a jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Abuja, tana da amfani ƙwarai. Amma matsewa mafi tsanani tana karya shafukan da ke da fom, don haka kada ka cike rajistar JAMB ko ta makaranta, ko ka biya kuɗi, da ita a wannan yanayin. Za ka iya danna maɓallin biya ya ƙi motsi, ka sake dannawa, a cire maka sau biyu.

Firefox ta Android tana karɓar uBlock Origin, Brave kuma da nata abin toshe talla take zuwa. A shafukan da talla ta yi wa katutu, toshe ta kaɗai yana rage nauyin shafi sosai. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne burauza biyu: Chrome don banki da rajista, wata mai toshe talla don karatu da yawo.

Wani abu da ake yi da kyakkyawar niyya amma yana ƙara ci shi ne share ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, wato "cache", kullum. Amfanin wannan ma'ajiya shi ne kada a sake sauke tambari da hotunan shafin da ka saba shiga. In ka share, sai a sake saukewa da kuɗinka. Sau ɗaya a wata ya isa, ko lokacin da wani shafi ya ƙi buɗewa daidai.

Jinkirin amsa: abin da ke kashe ka a gem

Buga gem a intanet ba ya cin data da yawa, yawanci bai kai mega 100 a awa ba, saboda ba hoto ake turowa ba, bayanin inda kowa yake ne da abin da ya danna. Abin da gem ke bukata shi ne saƙo ya je ya dawo da sauri. Wannan shi ne lambar da ke kusurwar fuska, wadda 'yan wasa ke kira ping, ana auna ta da milisakan, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Kana iya samun layin da ke sauke fim cikin minti biyar amma ping ɗinsa ya yi muni.

Akwai ɓangaren da ba wanda zai iya gyara maka. Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Saƙon da ya tashi daga Kaduna zuwa sabar da ke Turai sai ya gangara Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka. Ɗaya daga cikinsu, MainOne, da ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, milisakan 70 a kan wannan zangon kaɗai. Ƙara tafiyar Kaduna zuwa Legas, da ta cikin Turai, da jinkirin da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis, sai ka ga 120 zuwa 160. Wanda ya ce maka akwai manhajar da za ta mayar da wannan 20, yaudararka yake yi. Haka ma VPN, mafi yawan lokuta ƙara wa tafiyar zango take yi. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, an ga yadda intanet ɗin ƙasar nan ya rataya a kansu.

Ga abin da ke hannunka. Na farko, saba. In gem ɗin yana ba da zaɓi, gwada kowace ka ɗauki mai ƙaramar lamba, amma yi a hankali: a 2020 PUBG Mobile ya sa dokar hana sake canja saba har tsawon kwana 60.

Na biyu, wurin zama. Sandunan sabis da ke saman fuska ba abin dogaro ba ne. Shiga "About phone", sannan "SIM status", za ka ga ƙarfin sabis da lamba mai alamar ragi. A 4G, daga -80 zuwa -95 yana da kyau, -105 ya fara rauni, -115 kuwa wahala ce. Zaga gidan da wannan shafin a buɗe, kana tsayawa daƙiƙa 20 a kowane wuri. Rufin kwano da katangar bulo mai kauri suna cin sabis, shi ya sa ɗakin ƙurya zai ba ka -112, bakin taga ko tsakar gida ya ba ka -96. In da MiFi kake aiki, ajiye shi a kan tagar da ta fi kyau, kai ka zauna inda kake so. In Wi-Fi ɗinsa yana da zangon 5GHz kuma kuna ɗaki ɗaya, jona shi, domin 2.4GHz ya cika cunkoso a gidajen haya.

Na uku, lokaci. Ƙarfen sabis ɗaya mutane da yawa ke rabawa. A unguwanni masu cika irin Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi, daga bayan Isha'i zuwa wajen ƙarfe 11 kowa yana kan bidiyo, ƙarfin sabis ɗinka yana nan yadda yake amma masu jiran hanya sun yi yawa. Gwada gem ɗin sau uku a rana, bayan Asuba, da rana, da bayan Isha'i, da kowane layin da kake da shi, ka rubuta lambobin. Layin da ya fi kyau a Kawo ba lallai ya zama shi ne a Barnawa ba, har tsakanin titi da titi a unguwa ɗaya ana samun bambanci. Kuma lura da tsayuwar lambar fiye da ƙanƙantarta. Ping 130 da ya zauna wuri ɗaya ya fi wanda ke tsalle daga 60 zuwa 300, saboda hannu yana sabawa da na farkon, na biyun kuwa shi ne ke sa abokin karawa ya ɓace ya bayyana a bayanka.

Na huɗu, kira. A waya mai layi biyu, in kira ya shigo ta ɗaya layin, data tana yankewa. Ko a layin datar ma, in babu VoLTE, wato tsarin yin kira ta kan 4G, wayar tana sauka zuwa 3G ko 2G don amsa kira. Kunna VoLTE in layinka da wayarka suna da shi, ka kashe layi na biyu kafin wasa mai muhimmanci. Wasu suna shiga *#*#4636#*#* su kulle waya a 4G kaɗai. Yana hana ta sauka 3G tsakiyar wasa, amma in babu VoLTE kira ba zai shigo ba sam, kuma mutane suna mantawa su mayar, sai washegari a yi ta nemansu ba a samu.

In ping yana da kyau amma hoto yana kakkatsewa

To wayar ce. Alamar ita ce wasan yana tafiya sumul a minti 10 ko 15 na farko, sannan ya fara sanƙarewa, bayan wayar ya yi zafi. Injin waya yana rage gudunsa da kansa in zafi ya yi yawa don kada ya lalace. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kusantar digiri 40, wayar ta riga ta ɗumama tun kafin ka fara.

Cire mata riga, musamman ta roba mai kauri. Zauna inda fanka ke bugun bayanta, rage hasken fuska zuwa rabi. Kada ka yi wasa tana caji, domin zafin caji da na gem suna haɗuwa, kuma haka ne ke sa batir ya kumbura ya ɗaga murfin baya. Mun san in an kawo wuta kowa so yake ya haɗa biyun, amma gara a yi caji zuwa 80 ko 90, a bar ta minti 10 ta huce, sannan a shiga. Wasu sababbin wayoyi suna da saitin da ke kai wuta kai tsaye ga injin ba ta cikin batir ba, in taka tana da shi a kunna. Firji kuwa ko kusa, raɓa ce za ta taru a ciki.

A saitin hoto na gem, abu biyu ne: kyawun hoto da yawan hotuna a daƙiƙa. Sauke na farko zuwa mafi ƙasa, "Smooth" a PUBG Mobile da Free Fire, "Low" a Call of Duty Mobile, ka ɗaga na biyu gwargwadon yadda wayar za ta jure, ka kashe inuwa. A hotuna 30 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto milisakan 33 ne, a 60 kuwa bai kai 17 ba. In ta fara zafi a 60, koma 30 ko 40, wanda ya tsaya daram ya fi mai hawa da sauka.

Bar aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ma'ajiyar waya babu komai. Manhajojin da ke cewa suna ƙara wa waya gudu a cire su, su kansu RAM suke ci suna nuna talla. Kashe wayar a kunna kafin dogon wasa ya fi su aiki. Mai shirin sayen waya a shagunan titin Ahmadu Bello ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kuma ya karanta kwali da kyau. In an rubuta RAM giga 8 amma a ƙasa an sa 4+4, huɗu ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiya, kuma ba su kai gudun na ainihi ba. Tambayi sunan injin: Helio G99 an ƙera shi a kan nanomita 6 (ma'aunin ƙanƙantar ƙirar injin), G85 a kan 12, shi ya sa na farkon ya fi jure dogon wasa ba tare da zafi mai yawa ba.

Sabuntawa da asusu

Inda gem ke cin data da gaske shi ne sabuntawa, wadda kan kai giga ɗaya ko fiye. Danna *312# ka duba tsarin datar dare na layinka, ka lura da awannin da yake aiki, ka sauke a lokacin, wayar tana bakin taga. A PUBG Mobile da Call of Duty Mobile kashe sauke taswirori da kayan ado kai tsaye, ka ɗauki taswira ɗaya ko biyu da kake bugawa.

Kada ka buga a matsayin baƙo. Asusun baƙo a cikin wayar yake zaune, in an yi mata filashin ko an sace ta ya tafi ke nan. Ɗaure shi da Google ko Facebook, a eFootball kuma da Konami ID, sannan ka sa wa wancan asusun tabbatarwa mai mataki biyu, tunda duk wanda ya shiga Facebook ɗinka ya shiga gem ɗinka. Shafukan da ke alƙawarin daimon ko kwabbai kyauta in ka saka kalmar sirri, aikinsu ke nan, kwashe asusu. Gem ɗin da aka yi wa kwaskwarima aka turo maka ta Xender yana jawo a rufe asusunka, haka ma GB WhatsApp. A WhatsApp na ainihi, shiga "Account" ka sa lambar sirri mai lamba 6 tare da imel. Lambar da ke zuwa ta saƙo kuwa, ko da sunan shugaban guruf aka kira ka aka ce ta shiga taro ce, ba a karanta wa kowa ita.

Bayan ka gama duk wannan, maimaita awon farko: *323# da daddare, *323# bayan Asuba. In har yanzu bambancin yana da yawa kuma jerin manhajoji bai nuna mai ci ba, ɗauki hoton fuskar biyun da lokutansu, kira 300 ka shigar da ƙorafi a kamfanin layinka, ka karɓi lambar ƙorafin. In ba a warware ba, da wannan lambar za ka kira NCC a 622, kiran kyauta ne.